Sharhi: Ribar Duwatsun Kudancin Kaduna Tana Wurin Mai Goge Su

KAFANCHAN — Tun cikin shekarun 1980 dillalan duwatsu masu daraja na ƙasashen waje suka san sunayen Nisama da Antang da Godogodo da Gidan Waya, waɗanda dukkansu suke cikin Ƙaramar Hukumar Jama'a ta Jihar Kaduna. Daga ramuka da gaɓar rafukan waɗannan garuruwa ake samo safaya, wato shuɗin yaƙutu. A yankin Gwantu kuwa, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Sanga, an daɗe ana samun zumurrudu da akwamarin.

Abin takaici shi ne, mafi yawan waɗannan duwatsu suna barin ƙasar nan yadda aka tono su. Daga bakin rami sai hannun dillali, daga nan sai Jos, daga Jos kuma sai Bankok da Chanthaburi na ƙasar Tailan, ko Jaipur ta Indiya, ko Idar-Oberstein ta Jamus. A can ne ake yanka su, a goge su, a ɗora su kan zobe da sarƙa, sa'an nan a sa musu farashin da mai haƙa bai taɓa mafarkinsa ba. Wannan shi ne abin da masu iya magana ke kira kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Mutane da yawa na zaton sai an gina wata ƙatuwar masana'anta ta miliyoyin daloli kafin a toshe wannan ɓaraka. Lamarin bai kai haka ba. Abin da ya raba ɗanyen dutse da gogagge shi ne ƙaramin inji da ake ɗorawa kan tebur, da kayan guga na daimon, da hannun da ya ƙware. Don haka ya kamata 'yan kasuwa da hukumomi su mai da hankali ga samar da waɗannan abubuwa a Kafanchan kafin a soma maganar hana fita da ɗanyen dutse.

Mece ce samfefar daimon?

Kowane kafinta da mai fentin mota ya san samfefa, takardar nan mai kaushi da ake goge katako ko ƙarfe da ita. Samfefar daimon 'yar'uwarta ce, sai dai a maimakon takarda, ana yin ta da fallen leda mai ƙwari wanda kaurinsa bai wuce na takardar rubutu ba, a shafe fuskarsa da garin daimon da aka tace, kowace ƙwaya daidai da 'yar'uwarta.

Ana auna girman ƙwayoyin da ma'aunin maikiron, wato kashi ɗaya cikin 1,000 na milimita. Kaurin gashin kan mutum kimanin maikiron 70 ne. Fallen da ake fara aiki da shi yakan ɗauki ƙwayoyi masu maikiron 30, sai a sauko zuwa 15, da 9, da 6, da 3, da 1, har zuwa rabin maikiron ko ƙasa da haka. Kamfanonin da ke yin ta, irin su 3M na Amurka, kan ba kowane mataki launinsa domin kada ma'aikaci ya rikita su.

Yadda ake aiki da ita kuwa, ana shimfiɗa fallen a kan gilashi ko farantin ƙarfe mai santsi, a ɗiga ruwa, a riƙa goga abin da ake son gyarawa. Kowane mataki aikinsa shi ne share ƙarzunan da na gabansa ya bari, har a kai inda ido ba ya ganin ko ɗaya, fuskar dutsen ta koma tamkar madubi. Wajibi ne a wanke dutse da hannu tsakanin mataki da mataki, domin ƙwaya ɗaya tak mai kaushi idan ta faɗa kan falle mai laushi, ta isa ta mayar da aikin yini guda baya.

Dalilin da ya sa sai daimon kaɗai ke yin wannan aiki sosai yana cikin ma'aunin taurin duwatsu wanda wani masani Bajamushe, Friedrich Mohs, ya tsara a shekarar 1812. A wannan ma'auni dutsen ƙanƙara yana mataki na 7, akwamarin da zumurrudu suna tsakanin 7 da rabi zuwa 8, tofas yana 8, safaya yana 9, daimon kuma yana 10. Ratar da ke tsakanin 9 da 10 ba ƙarama ba ce, don daimon ya ninka safaya tauri kusan sau huɗu. Daɗin daɗawa, garin da ke kan mafi yawan samfefar kafintoci sinadarinsa ɗaya ne da na safaya. Ke nan mai son goge safaya da ita kamar mai son yanka wuƙa da wuƙa ne.

Kada jin sunan daimon ya tsorata ɗan kasuwa. Garin da ake amfani da shi a masana'antu ba irin na zoben amare ba ne. Tun a watan Disamba na 1954 masanan kamfanin General Electric na Amurka suka yi nasarar ƙera daimon a ɗakin bincike, aka kuma bayyana haka ga duniya a 1955. A yau kusan duk daimon da masana'antu ke amfani da shi na ƙira ne, kuma ƙasar Sin ce ke samar da mafi yawansa, musamman lardin Henan. Wannan ya karya farashinsa har ya zama kayan da ƙaramin mai sana'a zai iya saye.

Ya kamata a faɗi gaskiya cewa fallen leda ba shi kaɗai ba ne kayan aikin mai yankan duwatsu. Ƙwararru da yawa sun fi son faranti na jan ƙarfe ko na kuza wanda suke shafa wa garin daimon da kansu, saboda fallen yakan ɗan dakushe kaifin kusurwoyin dutse, kuma yana cinyewa. Fifikonsa shi ne sauƙi ga mai koyo, da tsabta, da kuma cewa idan ya lalace sai a ɓare shi a sa wani. Falle ne ko faranti ko gari, duk dangi ɗaya ne, kuma dukkansu daga waje ake shigo da su.

Inda ribar take

Ana sayar da duwatsu masu daraja da ma'aunin karat, kuma giram ɗaya karat 5 ne. Idan aka yanka ɗanyen dutse, abin da kan rage bai cika wuce kashi ɗaya cikin huɗu zuwa kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa ba. Dutse mai giram 5, wato karat 25, zai iya komawa karat 6 zuwa 8. Duk da wannan ragi, idan dutsen mai kyau ne kuma aikin ya yi kyau, kuɗin abin da ya rage yakan zarce na ɗanyen nesa ba kusa ba. Da ba haka ba, da birane kamar Jaipur ba su rayu a kan wannan sana'a ba.

Akwai kuma wata hasara da ba a cika lura da ita ba, wato ta rashin sani. Mai sayen ɗanyen dutse caca yake yi, domin bai ga cikinsa sosai ba, saboda haka yakan karya farashi don ya kare kansa. Mai haƙa kuma, wanda ke da bashin abinci da na man janareta a wuyansa, ba shi da hujjar da zai yi jayayya da ita. Amma da zarar an goge ko da fuska ɗaya ce a jikin dutsen, wadda masu sana'ar ke kira taga, sai a ga launinsa da tsaguwarsa da duk wani gurɓin da ke ciki. Wannan aiki na 'yan mintoci ne, kuma ya isa ya sauya yadda ciniki zai kasance.

Safayan ƙasar Jama'a yana da wata ɗabi'a da ta ƙara wa wannan batu muhimmanci. Dutse ne da ya fito daga duwatsun aman wuta, yana da sinadarin ƙarfe a jikinsa, shi ya sa da yawansa yakan yi duhu. Haka kuma idan aka dube shi ta wani ɓangare shuɗi ne, ta wani ɓangaren kuma ya karkata zuwa kore. Mai yanka da ya san aikinsa shi ne zai zaɓi fuskar da za ta fito da shuɗin, ya kuma rage zurfin dutsen don haske ya ratsa shi. Dutse ɗaya zai iya zama abin so ko abin yarwa gwargwadon hannun da ya faɗa.

Darasi daga wasu ƙasashe

Tun da aka kafa Ma'aikatar Ma'adinai ta Tarayya a 1995 gwamnatoci ke nanata kudurin sarrafa ma'adinai a cikin gida. Daga shekarar 2023, ministan ma'aikatar, Mista Dele Alake, ya sha bayyana cewa duk mai neman lasisin haƙa sai ya nuna shirinsa na ƙara wa ma'adinin daraja kafin fita da shi. Manufar mai kyau ce. Abin tsoro shi ne a yi gaggawar kafa dokar hani alhali ba a tanadi masu aikin ba.

A 2008 ƙasar Madagaska ta hana fita da ɗanyun duwatsu masu daraja. Masu saye suka kwashe jarinsu suka koma wasu ƙasashe, masu haƙa suka shiga wahala, aka janye hanin a 2009. A 2010 Tanzaniya ta hana fita da ɗanyen dutsen tanzanait da ya wuce giram ɗaya, amma da yake masu yanka na gida ba su kai yawan da za su cinye abin da ake haƙowa ba, fasa-ƙwauri ya ci gaba, har sai da gwamnati ta kewaye mahaƙar Mererani da katanga mai tsawon kimanin kilomita 24 a 2018.

Tailan kuwa wata hanya ta bi. Mahaƙan Chanthaburi sun daɗe da ja baya, amma garin ya kasance babbar kasuwar yaƙutu ta duniya saboda mutanensa sun ƙware wajen yanka da guga da gasa dutse a wuta don gyara launinsa. Yau duwatsun Afirka ne ke bin su har gida. Darasin a fili yake: dutse yana bin gwani duk inda yake, ba sai an sa masa doka ba. Nijeriya, da irin faɗin iyakokinta, ba ta da yadda za ta tsare kayan da za a iya ɓoye na miliyoyin Naira a cikin aljihun riga.

Kasuwar ba ta tsaya ga duwatsun ado ba

Ɗan kasuwan da zai sa jarinsa a kayan guga na daimon yana da haƙƙin ya tambaya ko masu yankan duwatsu kaɗai za su ishe shi ciniki. Amsa ita ce akwai wasu masu buƙata.

Na farko su ne kamfanonin sadarwa. Wayar gilashi da ke ɗauke da intanet, hanyar da haske ke bi a cikinta faɗinta kimanin maikiron 9 ne kacal. Kan kowace mahaɗa ta wannan waya sai an goge shi da samfefar daimon, in ba haka ba ƙarzane ɗaya zai raunana saƙo. Tun da manyan wayoyin ƙarƙashin teku na MainOne da Glo-1 suka fara aiki a Legas a 2010 ake ta shimfiɗa irin wannan waya zuwa cikin ƙasa, kuma a 2024 Gwamnatin Tarayya ta amince da shirin ƙara kilomita 90,000.

Na biyu su ne ɗakunan bincike na jami'o'i da na kamfanonin ma'adinai, inda ake fere dutse har kaurinsa ya koma maikiron 30 domin a duba shi da madubin ƙara girma. Na uku su ne masu gyaran injuna, waɗanda ke wasa haƙoran kayan yanka masu taurin da dutsen washi ba ya ci. Na huɗu kuma masu sassaƙa dutsen gini na daɓe da na tebur, waɗanda ke aiki da faifan guga na daimon. Yankin da ke da duwatsu irin na Kagoro bai kamata ya rasa masu wannan sana'a ba.

Matsalolin da ba za a ɓoye ba

Babu shakka akwai cikas. Na farko shi ne tsaro. Rikice-rikicen da Kudancin Kaduna ya sha fama da su, ciki har da hare-haren da aka kai yankin Godogodo a 2016, sun sa masu jari ɗari-ɗari, kuma babu mai ajiye kaya masu tsada a inda ba ya barci da ido biyu rufe.

Na biyu shi ne kuɗin musaya. Tun da aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yuni na 2023, duk abin da ake shigowa da shi ya yi tsada. Sai dai wannan takobi ne mai kaifi biyu, domin gogaggen dutse da Dala ake sayensa.

Na uku shi ne amana. Mai saye a Turai ko Dubai ba zai biya kuɗi mai yawa ba sai ya ga takardar shaida daga ɗakin gwaji da ya yarda da shi, wadda za ta nuna ko dutsen na asali ne, ko kuma an gasa shi. Sabon mai yanka kuma dole ya ɓata duwatsu kafin hannunsa ya faɗa, shi ya sa ake fara koyo da dutsen ƙanƙara da tofas masu araha. Manyan duwatsu na musamman za su ci gaba da tafiya waje na wani lokaci, kuma babu laifi a hakan.

Wutar lantarki, wadda ta durƙusar da masana'antu da dama a Arewa, a nan ba ita ce babbar matsala ba. Injin yankan dutse na kan tebur bai kai dutsen guga na lantarki cin wuta ba, kuma 'yan faifan sola kaɗan sun isa su tafiyar da shago mai injuna da yawa.

Abin da ya kamata a yi

Bisa tsarin mulkin 1999, ma'adinai mallakar Gwamnatin Tarayya ne, saboda haka matakin farko daga gare ta yake. Dokar Ma'adinai da Haƙa ta 2007 ta yafe kuɗin fito a kan injuna da kayan aikin da aka shigo da su domin haƙa. Ya dace Ma'aikatar Ma'adinai da ta Kuɗi da Hukumar Kwastam su fayyace a rubuce cewa injunan yanka da kayan guga na daimon suna cikin wannan rangwame, kuma ƙaramin mai sana'a zai ci moriyarsa ba tare da ya yi ta zirga-zirga zuwa Abuja ba. Haka nan lasisin saye da mallakar ma'adinai da takardar izinin fita da kaya su zo da sauƙi ga wanda zai fitar da gogaggen dutse fiye da mai fitar da ɗanye. Wannan ya fi hani amfani.

Mataki na biyu na Gwamnatin Jihar Kaduna ne. Ba ta da ikon ba da lasisi, amma tana da ikon koyar da sana'a. Cibiyar Nazarin Haƙar Ma'adinai da Kimiyyar Ƙasa ta Nijeriya da ke Jos tana koyar da yankan duwatsu, kuma Jos ba ta da nisa da Kafanchan. Ga reshen Jami'ar Jihar Kaduna a Kafanchan, ga Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya a tsakiyar ƙasar safaya, ga kuma Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Aikace-aikace da aka kafa a Kachia a 2025. Yarjejeniya tsakanin ɗaya daga cikinsu da cibiyar Jos ta isa ta samar da ajin koyon sana'a na 'yan watanni. Sana'a ce ta zaune, wadda mata da naƙasassu za su iya yi daidai da kowa.

Mataki na uku na bankuna ne. A 2017 aka ƙaddamar da asusun Naira biliyan 5 na masu ƙananan haƙa ta hannun Bankin Masana'antu. Duk wani rance irin wannan ya kamata ya haɗa da masu yanka da guga, kuma a ba da shi ta hannun ƙungiyoyin gama-kai, a matsayin inji da kayan aiki maimakon tsabar kuɗi.

Mataki na huɗu, wanda ya fi kowanne sauri, na 'yan kasuwa ne. Fatake na Kano da Kaduna da ke zuwa Guangzhou da Dubai sarin kaya ba su buƙatar izinin kowa kafin su ƙara kwalin samfefar daimon da gari da faranti a cikin kayansu. Kaya ne marasa nauyi, ba sa ruɓewa, ba sa cin wuri. Mai koyon da ya san zai sami falle na maikiron 3 a shago a Kafanchan ranar da nasa ya ƙare, shi ne zai yi ƙarfin halin sayen inji. Sai dai a kula da inganci, domin fallen da ƙwayoyinsa ba su daidaita ba ɓarna yake yi maimakon gyara, kuma ɗan kasuwan da ya sayar da irinsa sau ɗaya ya rasa masu saye.

Kafanchan gari ne da ya bunƙasa saboda mahaɗar jirgin ƙasa da aka kafa a cikin shekarun 1920, ya saba da baƙi da ciniki. Harkar jirgin ta ja baya, cittar da yankin ke taƙama da ita kuma annobar da ta faɗa mata a 2023 ta nuna haɗarin dogaro da kaya guda, wanda shi ma yawanci a busasshensa ake fita da shi. Gwamnatin Tarayya ta riga ta zaɓi Ibadan ta gina kasuwar duwatsu masu daraja, ta kuma zaɓi Kano domin kasuwar zinariya. Idan masu ruwa da tsaki na Kudancin Kaduna ba su motsa ba, sana'ar guga za ta kafu a wani wuri, su kuma a bar su da ramuka. A bari ya huce shi ke kawo rabon wani.

Dutsen da ke ƙarƙashin ƙasa yana da iyaka, kuma kowace rana raguwa yake yi. Ƙwarewa kuwa, kamar yadda Chanthaburi ta nuna, tana nan ko bayan rami ya ƙafe. Lokacin da ya dace a koya wa matasan Jama'a da Sanga wannan sana'a shi ne yanzu da sauran dutse a ƙasarsu, domin ba a fafe gora ranar tafiya.